Autanmu ya ce sai ƙundumbala: in hana shi ko in sa masa albarka?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a gaya mini gaskiya, ba lallashi na zo nema ba. Autanmu shekararsa biyu da fitowa daga Defo, makarantar horon kuratan soja, yanzu yana wani bariki a kudu. Jiya da daddare ya kira ni ya ce ya ba da sunansa, yana so a tura shi kwas ɗin sojan ƙundumbala. Hajiyarmu ba ta sani ba tukuna, ni ya ɗora wa nauyin gaya mata. Na kwana ina kallon bidiyon horon Amurkawa a YouTube, inda ake ɗaure wa mutum hannu da ƙafa a jefa shi cikin ruwa. Wallahi ban rintsa ba. Wannan horo ne ko neman ran ɗan mutane? In hana shi ko in sa masa albarka?

Abba Kwamanda:
Haba Yaya! Ai abin alfahari ne. Ni da ina da ƙirjin da tuni na tafi. Faɗuwar gaba asarar namiji. Ka ƙyale shi kawai.

Maman Soja:
Kai Abba yi mana shiru, ba ka haifa ba. Baban Ilham, ni nawa yana Arewa maso Gabas shekara uku ke nan, waya in ta yi ƙara da dare sai cikina ya juya. Soja ma kawai ya ishi uwa fargaba, balle a ce na musamman.

Sajan Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana Baban Ilham, shekara 28 na yi cikin kaki, bari in fara da abin da na sani da jikina. Horon kurtu daban, na ƙundumbala daban. A Defo farar hula ake ɗauka a mai da shi soja, kuma ana so kowa ya fito. Can kuwa ba so ake kowa ya fito ba. Rariya ce. Ana zuba mutane ne don yawancinsu su zube, a ga wa zai rage. Saboda haka in ka ji an ce yaro ya je ya dawo bai gama ba, ba abin kunya ba ne, haka aka tsara abin.

Kuma ba ƙarfin damtse ake nema ba. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun zauna suna kuka a kwana na uku, na ga wani siriri kamar sillen kara ya kai ƙarshe. Yunwa, rashin barci, kaya a baya, sannan a ba ka taswira a ce nemo wuri kaza kai kaɗai cikin dare. Abin da ake son gani shi ne ko kanka zai ci gaba da aiki bayan jikinka ya ce ya gaji. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Baban Ilham:
Na gode Baba. To amma ana mutuwa a ciki?

Sajan Mai Ritaya:
Ana mutuwa. Ba zan ɓoye maka ba.

Malam Tarihi:
Bari in ɗan yi bayanin bidiyon da Baban Ilham ya gani, don akwai abin da ya haife shi. Horon dakarun ruwan Amurka ne da ake kira SEAL, ana yinsa a Koronado, kusa da San Diyego a jihar Kalifoniya, kimanin wata shida. A farkonsa akwai mako guda da su da bakinsu suke kira makon jahannama. Ana farawa Lahadi da dare a gama Juma'a, kwana biyar da rabi, kuma duk barcin da mutum zai samu a ciki bai wuce awa 4 ba. Ba awa 4 kullum ba fa, awa 4 gaba ɗaya. Suna gudu da kwale-kwalen roba a ka, suna ɗaga gungumen itace, a sa su kwanta a bakin teku igiyar ruwa mai sanyi tana dukansu, su fito su yi birgima cikin rairayi har ya goge musu fata.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙararrawa. Akwai wata ƙararrawar tagulla da ke rataye a wurin. Duk wanda ya ji ba zai iya ba, ba mai riƙe shi, ya je ya kaɗa ta sau uku, ya ajiye hular kwanonsa a layi, shi ke nan. Cikin mutum goma da suka fara, bakwai ko takwas ba sa gamawa, kuma mafi yawansu da hannunsu suke kaɗa ƙararrawar.

Asalin makon kuwa tun 1943 ne, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani hafsa mai suna Draper Kauffman ne ya kafa makarantar a Fort Pierce ta jihar Filorida, don horar da masu shiga ruwa su fasa shingayen da abokan gaba suka kafa a gaɓar teku. A shekara mai zuwa, 1944, da aka kai farmakin Nomandi a Faransa, a gaɓar da ake kira Omaha fiye da rabin waɗannan mutane an kashe su ko an jikkata su a rana ɗaya. Kun ga wanda ya san irin aikin da zai tura yara, ba zai yi musu horon lallaɓa ba.

Abba Kwamanda:
Yauwa Malam! Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Likitar Zaure:
Malam ya faɗi rabin labari, bari in ƙarasa. A watan Fabrairun 2022 wani matashi ɗan shekara 24 ya gama wannan makon, bai kaɗa ƙararrawa ba, ya kai har ƙarshe. Bayan 'yan awoyi ya rasu. Limoniya ce ta kashe shi. Tun ana cikin makon yake tari yana fitar da ruwa mai jini, numfashinsa yana sarƙewa. Da aka gama an duba shi an sallame shi ya je ɗaki ya huta, kuma waɗanda aka bari su kula da su ba ma'aikatan lafiya ba ne. Rundunar ruwan Amurka da kanta ta yi bincike, ta fitar da rahoto a 2023, ta ce akwai sakaci wajen kula da lafiya, da rashin sa ido a kan masu horarwa.

Ku lura da kyau. Ba gungumen ne ya kashe shi ba, ba sanyin ruwan kaɗai ba. Ciwo ne da ake warkarwa da allura da iskar numfashi in an kai mutum asibiti a kan lokaci. Ina wahalar da ta zama dole a nan?

Sajan Mai Ritaya:
'Yata Likita, ban musa miki ba. Amma ki sani a daji babu asibiti. In yaro ya saba duk lokacin da ya yi tari a kira masa mota, ranar da aka yi musu kwanton ɓauna wa zai kira?

Likitar Zaure:
Baba ranka ya daɗe, a fagen daga babu asibiti, na yarda. Amma Koronado ba fagen daga ba ce, asibiti yana nan kusa. Wanda ya mutu a horo bai tare wa kowa harsashi ba. An yi asararsa ne kawai.

Kuma ga inda ƙararrawar nan take da illa. Kun tara samari waɗanda kuka zaɓo su musamman don ba sa cewa sun gaji. Kun koya musu cewa wanda ya nemi taimako rago ne. Suna kuma tsoron in sun je wurin likita a cire su daga ajin. To mutum irin wannan ko yana mutuwa ba zai faɗa ba. Dole wani daga waje ne zai dube shi ya ce kai tsaya. In babu wannan mutumin, to jarumtar yaron ce za ta kashe shi.

Na Bamingham:
Salam. Ina biye da ku tun ɗazu, aiki ne ya riƙe ni. Maganar Likita ta tuna mini da abin da ya faru nan Birtaniya, don a asibitin garin da nake ɗaya daga cikinsu ya cika.

Rundunar SAS ta dakarun musamman na Birtaniya, wadda David Stirling ya kafa a 1941 a hamadar Arewacin Afirka, tana tace mutanenta ne a tsaunukan Brecon da ke yankin Wels. Akwai wani tsauni Pen y Fan, tsayinsa mita 886. Na taɓa hawansa da yara lokacin hutu, da ledar biskit kawai a hannuna, sai da na zauna sau huɗu. Su kuwa da jaka mai fiye da kilo 20 da bindiga suke hawa su gangara su sake hawowa, ana duba agogo. Gwajin ƙarshe na wannan zango tafiyar kilomita 64 ce cikin awa 20, mutum shi kaɗai da taswira. Wanda ya tsallake a kai shi kurmin Burunai. Bayan nan a sake shi a daji ana farautarsa, a kama shi a yi ta yi masa tambayoyi kusan kwana ɗaya da rabi ba barci, a ga ko zai saki baki. Kusan ɗaya cikin goma ke fita.

To ranar 13 ga Yuli 2013 aka fitar da sojoji tafiyar kilomita 26 a waɗannan tsaunuka, rana ce cikin mafiya zafi a shekarar. Uku zafi ya kashe su, biyu a ranar, na ukun bayan fiye da mako biyu a asibiti. Sojojin wucin gadi ne, masu aikinsu na farar hula, ɗaya ma koyarwa yake yi a makaranta. Kowannensu yana ɗauke da na'urar da ke nuna inda yake a kwamfuta. Na'urar ta nuna sun daina motsi, amma aka daɗe ba a farga ba. A 2015 mai binciken musabbabin mutuwa, Louise Hunt, ta yanke cewa akwai sakaci, kuma da an bi ƙa'idar da ma'aikatar tsaro ta rubuta da kanta, da an dakatar da tafiyar tun lokacin da wasu suka fara faɗuwa. A 2016 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta yi wa ma'aikatar tsaro tsawatarwa a hukumance, don doka ba ta ba da damar gurfanar da ita ba. Sojoji biyu da aka kai kotun soja a 2018 an sallame su. Iyaye dai sun binne 'ya'yansu.

Basakkwace:
Tsaya tukuna, zafin nawa ne?

Na Bamingham:
Ya kai digiri 27, wasu wuraren ya ɗan haura.

Basakkwace:
Digiri 27?! Hahaha. Wallahi a Sakkwato in aka wayi gari da 27 har da rigar sanyi muke fita. Turawan nan dai ba su da ƙwari. Su zo watan Afrilu su gani.

Maman Soja:
Mutane sun mutu kana dariya. Allah ya shirye ka.

Likitar Zaure:
Basakkwace, wannan tunanin naka shi ne ke kashe namu yaran. Ba zafin gari ne kaɗai ba, zafin da jiki ke haifarwa ne. Mutum in yana hawan dutse da kaya mai nauyi, naman jikinsa tamkar murhu yake. In zufa ba ta bushewa saboda kaki da jaka da rashin iska, zafin ba ya fita. Da zarar zafin cikin jiki ya haura digiri 40 sai ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa, mutum ya riƙa surutai ko tangaɗi ko faɗa da mutane, daga nan hanta da ƙoda su bi. Abin takaicin, maganinsa ba tsada: a tuɓe shi a tsoma cikin ruwan sanyi nan take, cikin rabin awa na farko, kafin ma a nemi mota. Mu kuma me muke yi? Sai a ce yaro yana lambo, a ƙara masa tsallen kwaɗo.

Tunda na fara bari in ƙara biyu, Baban Ilham ka rubuta. Na ɗaya, in aka wahalar da naman jiki fiye da kima yakan narke ya shiga jini ya toshe ƙoda. Alamarsa fitsari ya koma kalar baƙin shayi, cinyoyi su kumbura su yi ciwon da ya wuce na gajiya. Wanda ya ga haka ya nemi likita ko da za a kore shi daga kwas. Na biyu, ya san rukunin jininsa na sikila. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana aikin soja, amma an tabbatar ya fi saurin samun wannan narkewar nama in wahala ta haɗu da zafi da ƙishirwa. Ba hana shi za a yi ba, sani ne ake so.

Basakkwace:
To na janye. Allah ya ba da haƙuri Hajiya.

Sajan Mai Ritaya:
Maganar lambo da Likita ta yi ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Akwai abin da ban cika faɗa ba. Wata shekara, a wani daji da ba zan ambaci sunansa ba, ina cikin masu horarwa, muna tafiyar ƙafa da rana tsaka. Wani yaro ya fara jan ƙafa yana magana shi kaɗai. Na daka masa tsawa, na ce ɗan gata ne. Ya dube ni ya yi murmushi ya ci gaba da tafiya. Ba mu yi nisa ba ya kife. Motar asibiti tana can baya, tayarta ta faci, mai maganin da ke tare da mu ba shi da komai sai fanadol da bandeji. Ruwan gorunanmu muka juye masa. Ya rayu, amma bai koma daidai ba, an sallame shi daga aiki. Har yau in na tuna murmushin nan sai abinci ya fita raina.

Amma duk da haka, ku ji ni da kyau, ba zan ce a sassauta horo ba. Na ga abin da ke faruwa da sojan da ba a gasa shi ba. Harbi na farko ya jefar da bindiga, ya jawo a kashe mutum goma. Gara ya karye a gabana da ya karye a gaban maƙiyi.

Malam Tarihi:
Baba, ni a ganina kai da Likita ba ku saɓa ba kamar yadda kuke zato. Ku dubi sharo. Bulala ta gaske ce, jini na fita, saurayi yana riƙe da madubi yana murmushi. Amma akwai dattawa a tsaye, akwai inda ba a duka, akwai mai cewa ya isa.

Sajan Mai Ritaya:
Malam, a sharo ba mai harbinka bayan an tashi. Kar mu haɗa.

Malam Tarihi:
Na karɓa. To ga misali daga cikin kakin. A Fabrairun 1995, a makarantar Ranger ta sojan ƙasan Amurka, ɗalibai huɗu sanyi ya kashe su a fadamar Filorida. Ruwa ya ƙaru fiye da yadda aka zata, sanyinsa wajen digiri 11, aka bar su a ciki awoyi, ga su dama sun rame bayan makonni na yunwa da rashin barci. Bayan nan aka sa ma'aunai da dokoki kan zurfin ruwa da sanyinsa da tsawon lokacin da za a bar mutum a ciki. Makarantar ba ta zama wasan yara ba, har gobe ana faɗuwa. Abin da ya ragu shi ne gawa.

Ɗan Ƙonni:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni ba soji ba ne, amma mu nan mun ga aikin mutanen ga da kuke magana. Ƙarshen watan Oktoba na 2020 'yan bindiga sunka ɗauke wani Ba'amurke a Masallata, nan kusa gare mu, sunka ƙetara da shi Najeriya. Ba a yi mako guda ba waɗannan SEAL ɗin sunka diro da laima cikin dare, sunka kashe masu garkuwar sunka tafi da mutuminsu da rai, ko ɗaya cikinsu bai mutu ba. Da safe munka ji a rediyo kamar tatsuniya. Ranar kowa cewa yake lalle horo ya yi rana.

Amma kuma ku tuna Tongo Tongo, ranar 4 ga Oktoba 2017, can wajen iyakar Mali. An yi ma ayarin dakarun musamman na Amurka da sojojinmu kwanton ɓauna, Amurkawa huɗu sunka mutu, namu ma sunka kwanta dama. Binciken da Amurka ta yi ya ce ayarin bai samu isasshen atisaye tare ba kafin a turo su, kuma an yi kuskure wajen tsara fitar. Ke nan ko ka sha wuyar duniya a horo, in na sama ya yi lissafi ba daidai ba, harsashi bai san ka gama kwas ba.

Abba Kwamanda:
Amma dai ka ga na farkon. Sun kashe masu garkuwa shida a dare ɗaya! Irin wannan nake so a ce muna da su.

Sajan Mai Ritaya:
Muna da namu, yaro. Akwai makarantar dakarun musamman ta sojan ƙasa a Buni Yadi ta jihar Yobe, sojan ruwa suna da rundunar kwale-kwale ta musamman. Atisayen Flintlock da Amurkawa ke shiryawa da sojojin Afirka an yi shi a Nijar, Diffa da Agadas, an yi a Chadi, an yi a Gana, kuma namu suna zuwa. Amma abin da ba ka gani a bidiyo shi ne abin da ke bayan mutum ɗaya ɗin nan: jirage, na'urar gani da dare, masu leƙen asiri, likitoci, kuɗi kamar ƙasa. Wahalar horo ita ce mafi arha a cikin kayan. Kowa na iya hana yaro barci. Ba kowa ke iya ajiye masa jirgin ɗaukar majinyaci ba.

Likitar Zaure:
Baba yau ka faɗi abin da ya fi nawa.

Sajan Mai Ritaya:
Kar ki yi murna, ban sauka daga kan bakana ba.

Gwanin Dambe:
Ni tambayata ɗaya. Mutum ya yi kwana biyar ba barci yana gudu, ku ce ba ya shan komai? Mu a fagen dambe mun san abin da ake yi. Kar a raina mana hankali.

Admin:
Gwani a yi hattara, kar a yi wa kowa ƙazafi.

Likitar Zaure:
Admin, tambayarsa tana kan hanya. A binciken mutuwar 2022 ɗin nan an gano cewa wasu ɗalibai suna amfani da magungunan ƙara ƙarfi a ɓoye don su tsallake, har rundunar ta fara yi wa dakarunta na musamman gwajin ba-zata daga ƙarshen 2023. In ka ɗaga katanga ta wuce inda ɗan Adam zai iya tsallakewa, wasu za su nemo tsani. A wajenmu tsanin da na fi jin tsoro shi ne tiramadol. Tana kashe zafin ciwo, shi kuwa ciwo ɗan aike ne, jiki magayi. Mutum ƙashin ƙaurinsa ya tsage yana gudu a kai bai sani ba, ga ta kuma tana sa farfaɗiya in an sha da yawa. A haɗa ta da rana da ƙishirwa, sai dai addu'a.

Maman Soja:
Duk kun yi ta Turawa da digiri da kilo. Ni abin da na sani, wanda ya gama wannan horon shi ake fara turawa inda ya fi muni. Ladan wahalarsa ke nan. Ko ƙarya nake, Baba Sajan?

Sajan Mai Ritaya:
Ba ki yi ƙarya ba Hajiya. Kuma wanda ya dawo ma ba duka yake dawowa ba. Gwiwa ta tafi, baya ya tafi, kunne ɗaya ba ya ji saboda ƙarar nakiya. Wani barci ya gagare shi shekara da shekaru, ƙofa in ta buga ya zabura. Abokina da muka yi kwas tare yanzu sallah a kujera yake yi, bai kai sittin ba.

Amma Hajiya, ɗanki da ke can, in aka kewaye su, su wa kike so a tura su fito da shi?

Maman Soja:
Allah ya sa kar a kai ga haka. Ba ni da amsa.

Na Bamingham:
Abin da ya tsaya mini a rai game da na Brecon, ɗaya daga cikinsu an same shi bai fi tazara kaɗan ya kai ƙarshe ba. Da ya zauna a inuwa tun da farko ya ce ya fasa, da yanzu yana nan da iyalinsa. Amma da irin masu zama a inuwa ne, da tun farko ba zai je ba. Na rasa yadda zan warware wannan.

Baban Ilham:
Jama'a na gode ƙwarai, na karanta komai har sau biyu. Yanzu muka gama waya da shi, kusan awa guda. Na karanta masa maganar Likita, ya yi dariya ya ce Yaya ai ni AA ne, an gwada mu tun wajen ɗauka. Na ce to fitsarin fa, in ka ga ya canza za ka faɗa? Ya yi shiru. Na sake tambaya, ya ce zai faɗa. Ban yarda da muryar ba, na san shi tun yana rarrafe, yaron da ya karye a hannu wajen ƙwallo ya ɓoye kwana biyu don kar a hana shi fita.

Na ce masa ba zan hana shi ba, don ko na hana ba zai hanu ba, sai dai ya daina gaya mini. Amma ba ni zan gaya wa Hajiya ba. Ya nemi izini ya zo gida ya durƙusa ya faɗa mata da bakinsa. Ya ce sai ƙarshen wata.

Baba Sajan, in ba damuwa zan turo maka lambarsa ta akwatin sirri. Wataƙila ya fi jin maganar wanda ya sa kaki. Don Allah ka ba shi labarin yaron nan mai murmushi.

Sajan Mai Ritaya:
Turo. Zan kira shi bayan isha'i. Kafin nan ka ce masa takalmin da zai je da shi ya fara sawa tun yau, kar ya kuskura ya je da sabo. Safa kuma ya nemi masu kauri, ƙafa shida aƙalla, ya ƙulle su a leda.